Bin Sawun Yoyon Baƙin Mai a Injin Corolla: Rubutun Kwanaki Daga Janairu Zuwa Fabrairu 2025

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau da safe, bayan na janye motar daga rumfar da take kwana a gidanmu na Tumfure, na tarar da tabon baƙin mai a kan siminti, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. A gaskiya ba yau tabon ya fara ba, domin maiɗakina ta yi kusan mako uku tana cewa yara suna taka mai suna shiga da shi falo, ni kuwa ina ɗora laifin a kan janareta. Yau janaretan yana wurin gyara tun shekaranjiya, tabon kuma ɗanye ne, saboda haka babu sauran wanda zan ɗora wa.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, irin wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka, mai inji 1ZZ-FE na lita 1.8 da giya atomatik. Na saye ta 'yar Kwatano shekara shida da suka wuce, kuma agogonta, wanda mil yake ƙirgawa ba kilomita ba, yana nuna 187,420. An yi mata juye a farkon Disamba, aka cika man har ɗigon sama na geji, wato sandar auna man inji. Yau da na zaro gejin, inji a sanyaye, mota a kan wuri madaidaici, sai na ga man ya sauko tsakiyar ɗigogin biyu. Daga ranar juyen zuwa yau ban yi tafiyar da ta wuce mil 620 ba, wato kusan kilomita 1,000.

Na yanke shawarar rubuta duk abin da aka taɓa da ranar da aka taɓa shi, kuma ba za a canza abu biyu a rana ɗaya ba sai dole. Dalilina shi ne abin da ya faru bara, lokacin da motar take ɗaukar zafi: an canza mini lagireto da famfon ruwa da fanka a yini guda, zafin ya daina, amma har yau ban san wanne ne daga cikin ukun ya lalace ba, na dai san na biya kuɗin duka.

Litinin, 6 ga Janairu

Jiya da dare na shimfiɗa babban kwali a ƙarƙashin injin, na zana inda tayoyin gaba suka tsaya da alƙalami, domin in san ainihin wurin da kowane ɗigo ya faɗo. Da safe na ƙirga ɗigo tara. Dukkansu suna ɓangaren fasinja, daga cikin tayar dama, sun ɗan karkata baya. Babu ko ɗaya a tsakiyar mota inda inji yake haɗuwa da giya.

Na yi wani ɗan lissafi wanda ya canza yadda nake kallon matsalar. Ana ƙiyasta kusan ɗigo 20 a mililita guda, ke nan lita ɗaya ta kai ɗigo 20,000. Ko da motar tana zubar da ɗigo goma kowane dare har wata guda, duka-duka bai wuce babban cokali ɗaya ba. Ni kuwa abin da na ƙara yau kafin man ya koma ɗigon sama ya haura rabin lita. Ashe abin da nake gani a siminti ragowa ce kawai. Yawancin man yana fita ne lokacin da inji yake aiki, mai ya yi zafi ya tsinke, famfo kuma yana tura shi da ƙarfi, ko kuma injin yana ƙona wani kaso a cikinsa, ko duka biyun.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kai ta garejin da na saba zuwa. Maigidan garejin ya sa aka hau da ita kan rami, ya sauka da tocila, bai yi minti biyu ba ya fito yana goge hannu, ya ce, "Malam, sil ɗin baya ne ya tafi. Sai an sauke giya." Sil ɗin baya shi ne zoben robar da ke tare mai a inda inji yake haɗuwa da giya. Na sauka ramin da kaina na duba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin ƙasan injin gaba ɗaya ya zama baƙin caɓi: mai ya haɗu da ƙurar hunturu ya yi kauri kamar kwalta, tun daga kaskon mai na ƙasa, wanda makanikai suke kira botom filet, har zuwa bakin giya da ƙarfen da ke riƙe da inji. Duk inda ka nuna da yatsa a wannan ƙazanta za ka iya cewa nan ne yoyon, ba wanda zai ƙaryata ka.

Na ce masa, "Oga, idan sil ɗin baya ne, me ya sa ɗigon yake sauka ta wajen tayar dama, alhali giya tana ɓangaren direba?" Ya ce iska ce take kora shi. Na amsa cewa iska tana kora mai baya ne idan mota tana gudu, ba ta ɗauke shi daga wannan gefe ta kai shi wancan ba. Ya yi dariya ya ce ni da motata, amma idan ba na son a sauke giya, to a juye man a zuba mai kauri, 20W-50, yoyon zai ragu. Wannan ma na ƙi. Abin da Toyota ta rubuta a murfin zuba man motar 5W-30 ne, kuma na'urar VVT-i da ke sarrafa lokacin buɗewar bawul da matsin man inji take aiki, ta cikin ƙananan hanyoyi. Mai kauri yana iya rage gudun yoyo, amma ƙofar da yake fita tana nan yadda take.

Sil ɗin baya abu ne mai araha, sai dai isa gare shi aikin yini guda ne, da cire shaf-shaf na tayoyi da sauke giya. Ban ce ba zai taɓa lalacewa ba, amma ba zan fara da mafi tsadar zato ba tun ba a wanke injin an gani ba. Mun rabu a kan zan dawo ranar Asabar a yi wanki.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau aka wanke injin. Yaron garejin ya ɗebo fetur a galan zai fara watsawa inji da ɗuminsa, na dakatar da shi, muka jira kusan awa guda ya huce, sannan muka yi amfani da kananzir da buroshi, muka bi da ruwan sabulu. Na ɗaure altaneto da leda, na rufe koyil-koyil ɗin fulogi da akwatin fiyus, kuma ban yarda a kusantar da bakin injin feshin ruwa kusa da wayoyi ba. An cire robar da ke cikin kaskon tayar dama domin a ga gefen injin inda fambel yake. Aikin ya ci awa uku, mafi yawansa kankare tsohon caɓi.

Bayan ya bushe, na tayar da shi ya yi minti goma sha biyar a tsaye, ba abin da ya fito. Na zagaya da ita ta baifas na dawo, tafiyar kusan kilomita 12, muka sake hawa rami. Bakin giya a bushe yake ƙayau. Kusar juye da filta su ma a bushe. Daga sama kuwa, da na sa ɗan madubin da na karɓo a hannun maiɗakina a bayan injin, na ga siririn layin mai yana sheƙi a ƙarƙashin leɓen murfin saman inji, a kusurwar baya ta ɓangaren fasinja. A wannan injin bututun hayaƙi ta baya yake fita, wajen bangon da ya raba inji da mazauna, shi ya sa nake jin ƙaurin mai idan na tsaya a danja bayan doguwar tafiya.

Maigidan garejin ya leƙa madubin, ya gyaɗa kai, ya ce, "Tof koba ne ke nan." Murfin saman injin yake nufi. Bai sake ambaton giya ba, ni ma ban tuna masa ba.

Talata, 14 ga Janairu

An canza gaskit ɗin murfin sama. Tsohon da aka ciro ya bushe ya yi tauri kamar busasshiyar fata, da na lanƙwasa shi sai ya tsage a hannuna. Ramin fulogi na ɗaya yana da ɗan mai a ƙasansa, alamar cewa ɓangaren gaskit ɗin da ke zagaye ramukan fulogi shi ma ya saki. An tsane shi da tsumma kafin a mayar da koyil.

Abu biyu na tsaya a kansu. Na farko shi ne gam. Al'adar garejinmu ita ce a shafe gaskit gaba da baya da gam har ya tumbatsa, wai don a ƙara masa ƙarfi. Gaskit na roba ba ya bukatar haka, kuma gam ɗin da ya matso ta ciki yana iya ɓallewa ya bi mai ya toshe rariyar famfo. Wuri biyu kaɗai ake ɗiga shi, inda murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan inji, saboda akwai ɗan tsagi a mahaɗar. Na biyu shi ne ɗauri. Kusoshin murfin nan ƙanana ne, masu kan lamba 10, kuma ƙarfin da ake ɗaure su da shi kaɗan ne ƙwarai. Yaron ya ɗauko doguwar sifana zai danne da ƙarfinsa, na roƙe shi ya koma ƙarama ya bi su a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu. Cikin murfin ya yi launin ruwan ƙasa mai duhu amma babu daskararren datti, wanda ya kwantar mini da hankali game da lafiyar injin.

An sake goge bayan injin, na cika mai har ɗigon sama, na rubuta mil 187,705.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je Kumo ɗaurin aure na dawo. Kwalin safiyar jiya ɗigo huɗu ya nuna, a wurin da aka saba. Na so in ce ragowar tsohon mai ne yake tsiyaya, amma yau da na dawo na leƙa ta kaskon taya, na ga sabon mai mai haske yana bin gefen injin ta baya. Leɓen murfin sama kuwa a bushe yake ko'ina. Ke nan gaskit ɗin ya lalace da gaske, an kuma gyara shi, sai dai ba shi kaɗai ba ne. Yoyon sama ya kasance yana zuba a kan wani yoyon da ke ƙasa da shi yana ɓoye shi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wurin da ya fi jiƙewa shi ne jikin famfon man sitiyari, wanda a wannan ƙirar yake bayan injin, a ƙasa, fambel yana juya shi. Wani maƙwabcina mai irin motar ya leƙa ya ce tasa ma haka ta yi, famfon aka canza. Na tambaye shi ko yoyon ya tsaya bayan canjin, ya ce ya ragu dai.

Na gwada da farar takarda. Na ɗiga man sitiyari daga tankinsa a gefe ɗaya, man geji a tsakiya, sannan na dangwalo na jikin famfon na shafa a ɗaya gefen. Man sitiyarin motar nan irin man giya atomatik ne, asalinsa ja, kuma ko da ya tsufa ya yi duhu, jan yana fitowa a gefen tabon idan takarda ta sha shi. Na jikin famfon ruwan zuma ne mai duhu, iri ɗaya da na geji, warinsu ma ɗaya. Ƙari a kan haka, tun ranar wanki na ja layi da alƙalamin maka a jikin tankin man sitiyari, kuma har yau man yana kan layin. Famfon ba ya yoyo, zubo masa ake yi daga sama.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan ita ce ranar da na fi jin daɗinta tun da aka fara. Matsalar mai a kan ƙarfe mai tsabta ita ce ba ya barin sawu, yana shimfiɗuwa ne ya yi sheƙi ko'ina. Saboda haka bayan mun sake wanke bayan injin da gefensa, muka bar shi ya bushe sarai, na kawo hodar jarirai na zuba a tsohuwar safa, na riƙa bubbuga ta a duk wuraren da nake zargi har suka yi fari fat: mahaɗar murfin taimin daga sama har ƙasa, bayan fulin karanshaf inda sil ɗin gaba yake, gefen botom filet, da kewayen famfon sitiyari. Yaran garejin suka taru suna dariya, ɗaya ya ce yau an yi wa inji kwalliyar suna.

Na tayar da injin ya yi zafi har fanka ta tashi sau biyu, na sa yaro ya riƙe totur a wajen juyi 2,500 a minti na 'yan mintuna, ni kuma ina tsaye da tocila da madubi, hannuna nesa da fambel. Cikin minti ashirin sai wani baƙin zare ya bayyana a cikin farar hodar. Na bi shi da ido daga ƙasa zuwa sama: ya ratsa kan famfon sitiyari, ya hau jikin inji, ya tsaya cak a ƙarƙashin wani ɗan ƙarfe mai noti biyu da ke manne a bayan murfin taimin, ƙasa da murfin sama da kamar faɗin yatsu huɗu. Sama da wannan ƙarfen hodar fara ce tas.

Wannan ƙarfen shi ne tenshina, mai danne sarƙar taimin don kada ta yi sako-sako. Jikinsa yana shiga cikin inji ta wani rami, man inji yana tura sandarsa, kuma abin da ya hana man fitowa waje zoben roba ne guda ɗaya tak. Zafin shekara ashirin, ga shi kusa da bututun hayaƙi, ya isa ya busar da kowace roba. Wannan ya kuma bayyana lissafin ranar 6 ga wata: wuri ne da mai yake zuwa da matsi, don haka yana zuba sosai a kan hanya, ya ɗan tsiyaya kaɗan da dare.

Bayan fulin karanshaf bai nuna komai ba. Botom filet, wanda a wannan injin da gam aka manne shi tun daga kamfani ba da gaskit ba, shi ma lafiya lau.

Talata, 28 ga Janairu

Na zagaya shagunan kayan gyara uku ina neman zoben. Biyu sun ce sai dai in sayi tenshina gaba ɗaya na Beljiyam, wanda robarsa ba lallai ta fi tawa ƙuruciya ba. Na uku ya zazzage mini kwalin zobba iri-iri ya ce in zaɓa. Ban zaɓa ba, saboda zoben famfon ruwa da na man inji mai zafi suna iya kama da juna a ido alhali robarsu ba ɗaya ba ce. Na ba da saƙo a kawo mini sabon tenshina na asali da zobensa daga Kano.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kayan sun iso jiya, yau aka ɗaura. Wurin matsattse ne, da lalube ake kwance notin biyu. Na gargaɗi kowa cewa daga lokacin da aka zare tenshinan har a mayar da sabo, kada wanda ya taɓa makulli ko ya juya injin, domin sarƙar tana sake, kuma idan ta tsallake haƙori an shiga wani aikin dabam. Tsohon zoben ya baje ya zama mai kusurwa maimakon zagaye, da na sa farce sai ya karye gida biyu.

Sabon yana zuwa da sandarsa a danne, wata 'yar ƙugiya tana riƙe da ita. An goge ramin, aka shafa wa zoben ɗan mai, aka tura shi a miƙe ba tare da murɗawa ba, aka ɗaure. Daga nan aka sa sifana a kan notin fuli, aka juya karanshaf baya kaɗan, wato saɓanin tafiyar agogo, domin ƙugiyar ta saki, sannan aka juya shi gaba. Mun ji 'yar ƙara "ƙas" lokacin da sandar ta fito ta danne sarƙar. Maigidan garejin ya so a tayar kawai, ya ce da kanta za ta saki, amma na nace sai da aka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku aka tabbatar ba inda ya cije. Ya tashi lafiya, babu ƙarar sarƙa.

A nan na karya dokata ta canza abu ɗaya a rana. Na sa an kwance bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV, da ke jikin murfin sama. Aikinsa shi ne fitar da iskar da take tsallake ringi ta taru a cikin inji, ya mayar da ita a ƙone. Idan ya toshe, iskar takan matsa wa kowane gaskit da sil har mai ya sami mafita. Mai lafiya idan aka girgiza shi yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Nawa shiru ya yi sai da aka buga shi a tafin hannu. Na sa sabo, tun da ba shi da tsada, kuma barinsa zai iya ɓata sababbin robobin da na saka. An wanke hodar da sauran mai, an cika geji, agogo yana 188,090.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Jiya na je Bauchi na dawo ta Alkaleri, kimanin kilomita 300 zuwa da dawowa, da gudu mai ɗorewa da na'urar sanyaya mota a kunne. Babu ƙaurin mai ko sau ɗaya, har a cunkoson shiga gari. Sabon kwalin da na shimfiɗa daren jiya ya wayi gari ba ɗigo. Na lalubi ƙarƙashin tenshina da farin tsumma, ƙura kawai ya ɗebo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mako uku ke nan da gyaran, agogo yana 188,730, wato mil 640 tun ranar 1 ga wata, kusan daidai da tazarar da na auna a farko. A wancan karon man ya sauka rabin tsakanin ɗigogin geji. Yau ya sauka ƙasa da ɗigon sama da kamar kaurin ƙwayar shinkafa biyu. Wannan ragowar ina kyautata zaton injin ne yake ƙona ta, abin da ba baƙo ba ne ga inji mai irin wannan tafiya, kuma salansa ba ta fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi ma ba su yi baƙi ba.

Na sake hawa rami na yi zagaye da tocila. Bakin giya a bushe, famfon sitiyari a bushe, man tankinsa yana kan layin maka. Abu ɗaya na gani: a mahaɗar murfin taimin, daidai inda kan inji ya zauna a kan gangar jikinsa, ƙura ta yi duhu a wuri kamar faɗin babban yatsa. Gumi ne, bai kai ga tsiyaya ba. Gyaransa yana nufin cire fambel da fuli da famfon ruwa da abin da ke riƙe da inji ta dama, a ɓamɓare murfin gaba ɗaya a sake masa gam, kuma ban ga dalilin buɗe wannan aikin saboda tabon da bai ɗiga ba. Na ɗauki hotonsa da waya, na ajiye tsinken ashana a gefensa don a gane girmansa. Zan sake ɗaukar wani a ranar juye na gaba, bayan sallah ƙarama, in gwada su. An wanke simintin rumfa da garin sabulu da toka, kwalin kuma na bar shi a ƙarƙashin motar zuwa ƙarshen wata.